Lahadin da Kawu Ya Ƙi Faɗuwa a Bompai

Mu huɗu ne a cikin wannan magana. Akwai mahaifiyata, wadda ta raine ni ita kaɗai a Panshekara bayan rasuwar mahaifina. Akwai ƙaninta, kawuna, mai tantance fata a wata majema da ke Challawa. Akwai maigidansa, saurayin da ya gaji majemar daga hannun ubansa. Sai kuma ni, da na karanta kimiyyar sinadarai a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo na shekara biyu ina kai takardu kamfanonin Sharada da Bompai ana ce mini in dawo wata mai zuwa. Na biyar baƙo ne, kwana uku kacal ya yi a Kano, shi ya sa ban sa shi a cikinmu ba.

Aikin kawu na fili shi ne ya tsaya gaban tebur tun safe, a miƙo masa fatar akuya, ya ɗaga ta ga haske, ya shafa ta da bayan hannu, ya jefa ta inda ta dace: lamba ɗaya, lamba biyu, ko tarin da aka ƙi. Yankan wuƙar mahauci, tabon ƙazuwa, cizon kaska, babu wanda yake ɓuya masa. Dillalan fata sun gwada shi da goro har suka gaji.

Yana da aiki na biyu, wanda duk unguwa ta sani amma ba a faɗarsa a gaban mahaifiyata. Kawu ɗan karta ne. A bakin ƙofar majema ya fara, lokacin hutun rana, a gindin dogon yaro, inda ba a zuba ko kwabo, wanda aka ci dai ya shanye kofin ruwa. An ce akwai direban tirela da ya sha kofi goma sha ɗaya a zama guda kafin ya yarda cewa mutumin nan ba sa'ansa ba ne. Tsohon maigidan, ɗan ƙasar waje da ya tsufa a Kano har yana Hausa kamar jakin Kano, ya tsayar da motarsa wata rana ya yi kallo. Shi ya koya wa kawu kartar da suke kira foka. Ana ba kowa katinsa a rufe, a yi zubi a tsakiya, wanda katinsa ya fi ƙarfi ya kwashe, ko kuma wanda ya yi burga har sauran suka tsorata suka ajiye nasu. Duk Lahadi bayan cin abincin rana masu kamfanoni sukan taru a gidan tsohon a Bompai. Kawu yakan zauna da kuɗin maigida, ya buga masa, a ba shi kasonsa. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har ya zama akwai masu tasowa daga Kaduna da Legas don kawai a ce sun zauna tebur ɗaya da mai tantance fatar Challawa.

Ba don in halatta caca nake wannan rubutu ba. Na san hukuncinta, kawu ma ya sani. Ya taɓa ce mini, "Abin da nake yi yana da suna, ban kuma sake masa suna ba." Yana da karatu, amma ko liman ba ya nan bai taɓa yarda ya shiga gaba ba. Idan wa'azi ya biyo ta kan caca a masallacinmu, sai ka ga mutane suna juya kai a hankali zuwa ƙarshen sahu na uku, inda ya saba zama. Yakan ci gaba da jan carbinsa.

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya dawo daga karatu a waje ya hau kujera. Kawu ya sha ɗaukar wannan yaro a kafaɗa yana zagayawa da shi cikin majema yana nuna masa injina. Saboda haka bai ji nauyi ba ya roƙe shi ya ba ni gurbi a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin. Aka ce ya zo da ni ranar Lahadi, da takarduna.

Muka isa Bompai bayan azahar, ina bayan babur ɗin kawu na rungume fayil. An shirya tebur a baranda, a inuwar mangwaro, janareto yana ta ƙugi a bayan gida. A nan na ga baƙon. Babban mai sayen jemammiyar fata ne daga ƙetare, wanda yakan ɗauki kwantena da yawa a shekara. Shi ma ɗan foka ne, har ya buga a manyan gasannin da ake nunawa a talabijin a ƙasarsu. Kafin a zauna sai da ya nuna wa kowa hotunan a wayarsa: ga shi a ƙarƙashin fitilu, ga 'yan kallo, ga shi sanye da baƙin gilashi ya jawo hula har gira. Gilashin nan da hular nan su ya sa a barandar.

Kawu ya zungure ni. "Ɗan boko, tambaye shi ko ciwon ido yake yi, akwai mai magani a Kumbotso."

"Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba zan fassara ba."

"To bar shi. Ya rufe ido ya bar maƙogwaro a waje. Dubi yadda yake haɗiyar yawu idan ya zo inda ya ƙara wa labarin gishiri."

Maigidan ya kira ni falo. Ya duba takarduna sama-sama, ya ce gobe Litinin in zo ƙarfe takwas in kama aiki. Ban gama godiya ba ya ce akwai saƙo da zan kai wa kawuna. Yana jin Hausa sarai, a gidan nan aka haife shi, amma da Turanci ya faɗa, kuma ta bakina ya so ta fita. Ya ce baƙon nan bai sa hannu a cinikin bana ba tukuna, kuma mutum ne da ba ya son ya tashi daga tebur a ƙasa. Kawu ya buga da kyau na ɗan lokaci don kada a gane, sannan ya bari a cinye shi. Kuɗin ai na kamfani ne, ba abin da zai yi asara. Ya ƙara da cewa, shi mutum ne mai tuna wanda ya yi masa alheri, da iyalinsa duka. Yana faɗin haka ya ɗora hannu a kan fayil ɗina.

Na sami kawu a bakin famfo yana wanke hannu. Na isar da saƙon kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya kashe famfon. "Maimaita."

Na maimaita.

"Wannan nasa ne. Kai me ka ce?"

Ba zan wanke kaina ba. Na ce, "Kawu, shekarata biyu a zaune. Inna ta sayar da tumakinta duka a kan karatun nan. Wasa ne na yini ɗaya. Kuma ai ku da kanku kuka ce burga rabin foka ce, kullum kuna nuna abin da ba ku da shi."

"Burga kowa ya zauna ya san da ita, kamar yadda kowa ya shiga kasuwa ya san da tayi. Wannan kuwa mutum za a zaunar a yi masa wasan yara, a tafa masa, ya tafi ƙasarsu yana cewa ya ci ni. Uban yaron nan mun yi shekaru, an ci mu mun ci, bai taɓa cewa in jefa lamba ɗaya cikin tarin da aka ƙi ba."

Ya goge hannunsa a rigarsa ya nufi falo, ni ina biye. Da Hausa ya yi magana. "Maigida, saƙo ya iso. Abu biyu zan iya. Ko ka sallame ni in koma gida yanzu, ko in zauna in buga yadda na iya. Zaɓi ɗaya."

Maigidan ya amsa da Turanci, yana kallona ni, cewa baƙon saboda kawu ya zo, ba zancen tafiya, kuma ya tabbata dattijo zai yi tunani. Na fassara. Kawu ya ce, "Na yi," ya fita baranda ya ja kujera.

Su biyar suka zauna. Ni ina tsaye jikin ginshiƙi ina addu'ar da har yau nake jin kunyarta, wato Allah ya ba kawu mugun kati. Ban san wasan sosai ba, amma na ga 'yan ƙwayoyin robar da suke tsayawa a madadin kuɗi suna ta komawa gabansa kaɗan-kaɗan. Ba ya gaggawa. Sau da yawa yakan leƙa katinsa ya ajiye ba tare da ya zuba komai ba, ya ɓare goro. Uku suka fita ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi da baƙon.

Can sai baƙon ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya, ya harɗe hannu ya jingina. Maigidan ya yi tari. A nan ne ƙofar take a buɗe: da kawu zai ajiye katinsa kawai, sau biyu ko uku irin haka, shi ke nan an gama, gobe in sa farar riga in shiga ɗakin gwaji. Kawu ya dubi wuyan mutumin ya daɗe. Ya juyo ya dube ni, sau ɗaya. Sannan ya tura nasa, ya buɗe kati biyu masu lamba tara. Baƙon ba shi da komai. Ya cire gilashin, ya miƙa wa kawu hannu, ya faɗi wata magana da ban ji ba. Daidai nan aka kira la'asar a masallacin layin, kawu ya ce a ba shi buta.

Ko baƙon ya sa hannu a cinikin ko bai sa ba, ban sani ba, domin ban shiga kamfanin ba balle in ji. Ranar Litinin ƙarfe takwas saura kwata muna bakin ƙofar majema. Maigadi, mutumin da suka yi shekaru suna cin ƙosai tare da kawu, ya fito da ambulan biyu kansa a sunkuye. Ɗaya takardar sallamar kawu, an rubuta wai ana rage ma'aikata. Ɗaya fayil ɗina. Ya ce an kuma ce a bar makullin babur, na kamfani ne. A ƙafa muka koma Panshekara.

Mahaifiyata ta saurari labarin tana tsintar shinkafa. Da na gama ta dubi ƙaninta ta ce, "Ka ci baƙo, ka ci ɗana." Ya ce, "Yaya," ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Ita na fahimce ta, tumakinta ne. Waɗanda ban yafe wa ba su ne mutanen majalisar ƙofar masallaci. Kwana biyu bayan haka ina wucewa wani dattijo mai shagon siminti, wanda ya fi kowa juya kai idan ana wa'azin caca, ya kira ni ya yi mini jaje. "Wannan kawu naka ba shi da dabara," in ji shi. "Mutum ya ce ka faɗi, ai sai ka faɗi. Me zai rage ka da shi? Da yanzu kana ofis da fanka a kanka." Sauran suka ce wallahi kuwa.

Ban saba mayar wa manya magana ba, amma ranar na durƙusa yadda ya kamata na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya. Shekara nawa kuna cewa ya bar karta saboda haramun ce? Yau kuma laifinsa shi ne bai haɗa ta da ha'inci ba. Da ya yi cacar ya kuma yaudari baƙo, ni na sami aiki, da kun zo cin shinkafar murna. To wanne ne ba kwa so, cacar ko rashin ribarta?"

Wani ya ce, "Kai, yaro, boko ta yi maka yawa." Dattijon ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Har yau idan na gaishe shi da hannu yake amsawa, ni kuma ban fasa gaishe shi ba, ban kuma janye tambayata ba.

Na roƙi kawu ya faɗi a ranar, wannan gaskiya ne, kuma da ya faɗi da na karɓi aikin hannu biyu. Amma ba wanda zai sa ni in ce ya cuce ni. Wanda ya ɗora hannu a kan takarduna ya mayar da su abin zubi, shi ya san abin da ya yi. Yanzu ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Na'ibawa, albashi wata ya zo wata ya makara. Kawu yana tantance wa ƙananan dillalai fata, ranar da aka kira shi. Ba a sake gayyatarsa Bompai ba, ban kuma sake ganin karta a hannunsa ba. Ko tuba ya yi ko tebur ya rasa, ban tambaye shi ba, kuma duk wanda ya tambaye ni nakan ce ya je ya same shi, yana nan a ƙarshen sahu na uku.

Abin da aka rasa: aikin shekara ashirin da uku, ɗaya. Aikin da ba a fara ba, ɗaya. Babur ɗaya. Gaisuwa tsakanin yaya da ƙaninta, wata bakwai.