Ta Nawa Ta Zo?

Shekarun baya, lokacin 'yata tana aji ɗaya a nan Greensboro, duk Lahadi mukan yi hira ta bidiyo da yayana da ke Finland da ƙanwata da ke Norway. Ƙasashen maƙwabtan juna ne, kuma kowannensu gani yake makarantun wajensu sun fi.

Yayana ya ce su sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga aji ɗaya, kuma makaranta ke ba shi dafaffen abinci kyauta. Ƙanwata ta ce su da shekara shida ake shiga, kowa daga gida yake ƙunso burodinsa, amma har yaro ya gama firamare ba a sa masa maki.

Mahaifiyata, da ta zo mana ziyara a lokacin, ta leƙo cikin wayar. "To in ba maki, ta yaya za a san na nawa yaro ya zo?"

Na yi dariya na goyi bayanta. Ni da na taso inda ake kiran sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a gaban kowa ranar hutu, gani nake duk wasa suke yi. Kuma kamar kowane uba, na sha gaya wa 'yata cewa ni kullum na ɗaya nake zuwa. Allah na tuba, ban taɓa wuce na goma sha huɗu ba.

Kullum in na ɗauko ta daga makaranta, kafin mu isa gidanmu da ke Pleasant Garden, a gefen Greensboro, sai na tambaye ta wa ya fi ta yau. Ba a daɗe ba ta fara kukan ciwon ciki duk safiya. Muka je asibiti, aka ce lafiyarta ƙalau.

Ranar ganawa da iyaye na zauna gaban malamarsu, na ce, "Ta nawa ta zo?"

Ta ce su ba sa jera yara haka. Sai ta miƙo mini takardar aikin 'yata. Takardar ta huje a wuri uku saboda gogewa. Malamar ta ce yarinyar ba ta yarda ta miƙa aiki sai ta tabbata babu kuskure, don haka sau da yawa ba ta miƙawa ma.

A hanyar komawa 'yata ta yi magana daga kujerar baya, da Turancinta. "Baba, in na zo ta biyu, za ka zo ɗaukata?"

Na gangara gefen titi na tsaya, na juya na gaya mata gaskiya, cewa babanta na goma sha huɗu ne. Muna isa gida ta ruga ta gaya wa kakarta.

"Na goma sha bakwai dai," in ji mahaifiyata. "Ni na karɓo takardar."

Ciwon cikin bai ƙara sati biyu ba.

Har yau yayana da ƙanwata suna wannan gardamar, ni kuwa na daina sa baki, don ban san wa ya fi gaskiya ba. Abin da na sani shi ne, makarantar 'yata ba ta taɓa jera ta da kowa ba, ni ne na zo da layin daga gida. Takardar aikin nan nata da ta huje tana aljihun motata. In na ji tsohuwar tambayar ta taso mini, sai na ciro ta na ɗaga, ina hango titi ta cikin hujin.