Warin Magani a Zanen Goyo

Muna zaune a Dangora 'yata ta kamu da ciwon haƙarƙari, ko yaye ban yi mata ba. A asibiti aka ba mu maganin ruwa. Da na zo wanke zanen goyo, sai na ji fitsarinta yana warin maganin sak. Ashe duk abin da nake ba ta zubewa yake yi?

Uwar mijina ta ce, "Ki ninka cokalin mana, ko wani ya zauna a jiki."

Na kasa. Na goya ta muka koma, zanen a ƙunshe a leda.

Malamin asibiti ya yi dariya. "Baiwar Allah, mayar da zanenki. Ƙoda ce take fitar da maganin bayan ya gama aikinsa. Tata ƙarama ce, daidai ƙarfinta muka auna. In kika ninka, kin ɗora mata kayan babba. Ranar da fitsarin ya ɗauke, ranar ce za ki rugo."

A hanyar gida na ji ɗumi yana bin bayana har ƙugu. Ban ko sauke ta ba. Na ce alhamdulillahi, na gyara goyo, muka ci gaba da tafiya.