Yashi a Ƙofar Mota

A gidanmu na Madarunfa, da an ci tuwo an wanke hannu, Kaka takan tura kara biyu cikin murhu ta miƙe ƙafa a tabarma, mu jikoki mu kewaye ta. Sunanta na ci, shi ya sa take kirana Takwara. 'Yar garin Gabi ce, daga gidan da ba a salla. Aure ne ya kawo ta garinmu na bakin tafki ta musulunta, amma tatsuniyoyinta ba su taɓa rabuwa da ruwa da mazauna cikinsa ba.

Maraicen da ya fi zauna mini a rai, na ranar da amaryar Baba Ilu ta wanke mota ne.

Baba Ilu ƙanen mahaifina ne, autan Kaka. Shofer ne, wato direba, yana jan kamyon, babbar motar kaya ta wani attajirin Maraɗi, yana kai gyaɗa Katsina ta hanyar Ɗan Issa. Shuɗiya ce motar, irin shuɗin sama bayan an ɗauke ruwa, kuma ba ya yarda kowa ya ɗora mata hannu. Amaryarsa Hajo daga garin Sarkin Yamma aka kawo ta, ba ta taɓa tsayawa kusa da mota ba sai a gidanmu. Son da take masa kuwa ko mu yara mun gani. Tana jin ƙugin motarsa tun kafin kowa ya ji, sai taɓarya ta tsaya mata a hannu, murmushi ya kufce mata.

Ran nan ya dawo motar duk laka, gajiya ta kwantar da shi bayan azahar. Hajo ta ɗebo toka da yashi da soso, yadda take goge tasoshin jerenta, ta nufi ƙofar motar, wadda yake shiga ta ita. Ta goga, ta goga, har fenti ya tashi, farin ƙarfe ya bayyana. Daɗi ma ta ji, don a wurinta abin da aka goge ya yi fari shi ne ya wanku.

Da ya tashi ya gani, tun la'asar yake faɗa har aka kira magariba. Ya ce mai mota zai karɓe abinsa, ya ce tsatsa za ta ci ƙofar, ya ce mata baƙauyiya a gaban kowa. Hajo ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayanta a zane, tana jiran gari ya waye ta koma gidan ubanta.

Kaka ta hura wutarta kamar ba abin da ya faru. Sai dai ranar ta ja tabarmar kusa da rumfar da Baba Ilu yake zaune ya juya mana baya, kuma daga nan ɗakin Hajo ba nisa.

"Ga wata ta taso daga tsakiyar tafki," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Ta iso mu tarbe ta," muka amsa.

Ta ce wai an yi wani masunci da ya jefa koma ya kamo kifanya mai ɓawo kamar azurfa. Ya kasa yanka ta, ya kasa kai ta kasuwa. Ya sa ta a babbar randa, ya zauna yana kallonta har ya manta da yunwa. Ita ma ta saba da shi, da ya miƙo hannu sai ta taso ta kwanta a tafinsa. Wata safiya ya hangi ɗan gansakuka a bayanta, abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗebo yashi ya goge. Washegari ya ga wani, ya sake gogewa. Kullum ɓawo ɗaya na faɗuwa, shi kuwa gani yake gyara yake yi.

"Kaka, ba ta jin zafi?" na tambaya.

"Tana ji mana, Takwara. Kifi na da bakin kuka? Shiru kawai ta yi."

Ta ce ranar da ɓawon ƙarshe ya faɗi, kifanyar ta yi tsalle daga randa ta bi kwata ta koma tafki. Masuncin ya tsufa yana jefa koma a wuri ɗaya.

"Nan ta nutse, ni ban bi ta ba," in ji Kaka.

Yayana Sani, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya yi dariya ya ce, "Na gane! Masuncin nan Hajo ce, kifanyar mota!"

"Kai tahi can, mai kan tulu," in ji Kaka. "Yaushe na ce maka masuncin mace ne? Ita mota ko an kankare ta, gobe ana shafa mata wani fenti. Wadda ake gurza tun la'asar hwa, wa zai shafa mata?" Ta ɗaga murya kaɗan ba ta waiwaya ba. "Auta, ko ka yi barci?"

"Ina ji, Inna," in ji Baba Ilu. 

Da sassafe na ga Hajo ta fito da ƙunshinta a ka. Baba Ilu na tsaye jikin mota, riƙe da bokiti da wani tsohon rawani da ya yi laushi. Ya yaga shi biyu ya miƙa mata rabi. Ta daɗe tana kallon tsumman kafin ta sauke kayan.

Ni aka tura in bi su bakin tafki da fura. Ya ajiye motar a inuwa, ya ce ba a wanke ta a rana, sabulu kan bushe ya bar tabo. "Ki fara kwara ruwa da yawa," ya ce wa Hajo, "har yashin ya sauka da kansa. In kika goga da shi a jiki, shi ne zai yanke ta." Daga sama suka faro zuwa ƙasa, shi yana gaba tana bin sa, suka tsane ta da busasshen ƙyalle. Wurin da ta kankare ya shafe shi da man giris kada tsatsa ta kama kafin ya kai wa mai fenti a Maraɗi. Attajirin ya yi masa faɗa sosai, amma bai karɓe motar ba.

Na girma ina karanta littattafan soyayya, ina jiran irin kalaman da samari ke zubawa a cikinsu. Bayan rasuwar Baba Ilu na tambayi Hajo, ta riga ta tsufa, ko ya taɓa ba ta haƙuri a kan ranar nan. Ta yi dariya har haƙoranta biyu da suka rage suka fito.

"Shi? Har ya koma ga Allah bai faɗa da baki ba. Amma daga ranar bai ƙara wanke mota shi kaɗai ba in ina gari."

Na daɗe ina juya maganar. Ni ma na yi aure na haifa, kuma na ga yadda hannu ya fi yi wa wanda ake so nauyi, don shi ake son a ga ba tabo. 'Yata ta fari ta sha gyara a wurina har ta koyi yin shiru. Ran da na lura da shirun nan nata, na ajiye abin da ke bakina, na ce ta zo ta zauna in yi mata kitso.