Damin Irin Inna

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero na cikin bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba, ina Sakkwato ina digiri na biyu kan zaman lafiya da sasanta rikici. Mutanen garinmu Gangara ba su san abin da ake koya muna ba, amma sun san amfaninsa: da na ɗaga murya sai a ce, "Haba, kai da ke karatun zaman lafiya!" Sai in haɗiye.

Kafin mahaifinmu ya rasu ya ware wa Inna damin iri, zangarniya zaɓaɓɓa, ya aje a rumbun gida. Rumbu kuwa babban namiji ke buɗe shi, ga shi ya koma hannun Baffa, ƙanen mahaifina. Inna ta ce a ba ta irinta ta ɓoye a ɗaka, don yunwa ba ta san iri ba. Baffa ya ce mace ba ta aje iri. Ita ko ba ta da abin shuka baɗi in ba wannan damin ba.

Na zo hutu da niyyar hawa rumbun da kaina. Baffa ya tarbe ni da fara'a har kunne.

"Madalla, ga masani ya iso! Ɗana, kai za ka sasanta mu. Amma fa mai sulhu ba ya da uwa."

Kai, mutumin nan ya fi malamanmu iya darasin! Su ma haka sunka ce: kada ka ɗauki ɓangare, bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, muddin ana magana ba a faɗa.

Munka shimfiɗa tabarmi a zaure, dattawa sunka cika. Baffa ya faro tun daga kakanmu da ya sare dajin. Aka ɗage zama saboda ranar kasuwar garin Isa. Aka sake ɗagewa wai ƙafarsa na ciwo, ƙafar da ta kai shi Sabon Birni a kan babur a ranar. Kowane zama a yi addu'a, a ci goro, a yaba mini. Wani tsoho har ya ce da irina sun yi yawa da Gobir ba ta taɓa yaƙi ba. Ni kuwa ina ta tafasa a ciki.

Ranar da hadarin farko ya haɗo ta gabas na ce ya isa. Na tuɓe riga, na jingina tsani.

"Subhanallahi! Mai karatun zaman lafiya?"

"Baffa, yau hutu nike. Za ni hawa."

Na ɗaga murfin, na leƙa. Ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ashe tun zama na biyu ya sussuke damin, ya auna wa fataken da ke ƙetarawa Nijar. Sauran zaman duka a kan rumbu wofi munka yi su. Na zage shi daga saman tsanin, ban kuma yi nadama ba har yau, sai dai zagi ba ya tsiro.

Da la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki sungumi, kowa ya nufi gona. Inna na tsaye bakin ɗaki da ƙwaryar shuka ba kome ciki. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan," ta ce, "an dai zauna lafiya ko?"