Tabon da Aka Ɗora wa Wanzami

Ranar jajibirin sunan ɗan Kawu Isa, a ƙarshen daminar da na cika shekara goma sha biyar, aka jera turame a tsakar gidan Kaka a Gaffati, ni kuwa ina raɓe a gindin rumbu cikin riga mai dogon hannu, gumi na bin bayana. Matan unguwa sun cika gida, wasu na surfe, wasu na bakace, kaji na tsintar tsaba a ƙarƙashin ƙafafunsu. Kowa na harkarsa, amma wallahi ni gani nake duk idon da ke gidan nan a hannuna yake.

Tabo nake ɓoyewa. Bayan rasuwar Baba na shiga wani hali da ban san sunansa ba, na riƙa ji wa kaina ciwo a ɓoye. Da Mama ta gano ta kai ni likita a Damagaram, wata ma'aikaciya ta yi ta zama da ni muna magana har abin ya lafa, na daina. Ciwon ya warke, tabon ya ƙi tafiya, sai na koma zargin kowa. Da aka yi hutun lakwal, wato makarantar boko, Mama ta ce in je wurin Kaka in sha iska, na ce a raina rabuwa take so ta yi da ni, kuma ba shakka ta riga ta aika da labarina. In Kaka ta ƙara mini nono a fura, in ce tausayi ne. In 'yan mata suka yi dariya a bakin rijiya, in ce da ni suke. Na ƙi gaɗa a dandali, na ƙi wanki a tafki, alwala ma sai na zagaya bayan rumbu na leƙa hagu da dama kamar ɓarauniyar kaza.

Daka ce babbar abokiyar gabata. Duk wadda ta taɓa riƙe taɓarya ta san da zarar ka ɗaga ta sama, hannun riga sai ya zame ya koma gwiwar hannu. Ni da a gidanmu ba mai kama ni a lugude, sai ga ni ina ƙaryar ciwon wuyan hannu tun ranar da na sauka. Ran nan dai Kaka ba ta saurare ni ba, ta miƙo taɓarya a gaban jama'a ta ce, "Ke 'yar lakwal, a nan ba a cin tuwon suna da alƙalami." Na karɓa raina a ɓace, na shiga tsakanin mata biyu. Da lugude ya yi daɗi, jikina ya manta da ni, na cilla taɓarya sama na tafa, riga kuwa ta yi abin da na daɗe ina tsoro.

Inna Habsu ce ta cafke hannuna, matar da ake cewa magana ba ta kwana a bakinta. Ta juya shi ta ce, "Kai! Wane wanzamin banza ne ya yi wa yarinya wannan? Su wanzaman birni tsaga ma ba su iya ba." Kafin in yi numfashi mata sun ajiye aiki. Wannan ta nuna tsagar da aka yi mata a goshi don ciwon kai, waccan ta ɗage zane ta nuna ta gwiwa, wata ta juya baya ta nuna shaidar ƙaho, suna gardamar wanzamin da ya fi hannu mai sauƙi. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ba'a take, ban samu ba, hakan ma ya ƙara ba ni haushi. Ga hanya an buɗe mini, in ce eh, wanzami ne, magana ta mutu. Amma na gaji da ɓuya, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Na ce, "Ba wanzami ba ne. Ni ce."

Kaka ta taso ta kama hannun, ta shafa shi da babban yatsanta mai kaushi ta ce, "Ya warke?" Na ce ya warke. Ta ce, "To alhamdu lillahi. In abin ya sake taso miki, ki zo ki same ni ko salla nake yi." Sannan ta naɗe mini hannun rigar da kanta har sama, wai kada ya hana ni aiki. Na koma turmi ina daka ina kuka, Inna Habsu na amsa mini da tata taɓaryar.

Yanzu inji ya karɓe dakan suna, turamen Kaka sun zama mazaunin yara, ni kuma na kan sa rigar da na ga dama, mai kallo ya kalla. Zargi ɗaya ne ya rage mini. Matan da suka tashi da tsagar wanzami a jikinsu, anya za su kasa bambanta ta da nawa tabon? Na fi zaton sun sani sarai, suka buɗe nasu don kada in tsaya ni kaɗai. Kaka ta rasu, Inna Habsu ta rasu, ba wanda zan tambaya.