Irin nonon da Ba'indiya ta bar mini

Shekara huɗu na yi ina aikin gida a unguwar Aƙiƙ ta Madina, ni da wata Ba'indiya mai jinyar tsohuwar gidan. Tsohuwar 'yar ƙasa ce, amma kakanninta daga wajen Katsina suka zo a ƙafa. 'Ya'yanta ba sa son a tuna musu da wannan.

Ba'indiyar tana da wani ƙaramin kwanon silba a firij. Kullum da la'asar sai ta tafasa madara, ta bari ta huce har ta iya tsoma ɗan yatsa, ta ɗebi cokali guda na nonon jiya ta zuba, ta rufe da tawul. Kafin safiya nono ya yi barci. Da guntun Larabcinta ta gaya mini irin na mahaifiyarta ne, a busasshen ƙyalle ta taho da shi.

"Akwai masu rai a ciki, ido ba ya ganinsu," in ji ta. "Zafi na kashe su, yunwa ma haka."

Tsohuwa ba ta cin komai sai shinkafa da wannan nono. Ran nan ina ba ta a baki, ta riƙe hannuna, ta ce da Hausa tsantsa, "'Yar nan, babu fura?" Shekara uku ke nan muna tare, ban taɓa jin Hausa a bakinta ba. Na ce, "Iya, zan nemo gero." Surukarta tana bakin ƙofa ta ji mu. Ta kira ni kicin ta ce a gidan nan Larabci ake yi, kada in ƙara ruɗa mata tsohuwa. Furar ba a dama ba.

Da kwangilar Ba'indiya ta ƙare aka ƙi sabunta mata. Ranar tafiyarta ta damƙa mini kwanon ta ce, "Kada ki bari ya mutu." Wata takwas ina kwantar da nono, ban tsallake rana ba, har da lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni.

Tsohuwa ta rasu cikin Sha'aban. Ana gama zaman makoki surukar ta sa a kwashe firij. Na dawo daga shanya na tarar da kwanon a kife, an wanke shi da sabulu.

"Hajiya, irin nono ne fa," na ce.

Ko ɗagowa ba ta yi daga wayarta ba. "Nonon laban ya cika kantin baƙala, ki sayo wani."

Na sayo na kanti na gwada sau uku, sai ya tsinke ya yi ruwa. Ba'indiyar ta aiko saƙon murya tana tambaya ko irin nonon yana nan. Na saurara sau biyu, ban amsa ba. A ƙarshen watan aka mayar da ni gidan ƙanin maigida a Yanbu.