Kwalin Maganin Mahaifiyata

Shekarun baya, wani likita a Sakkwato ya ɗora mahaifiyata a kan maganin daidaita bugun zuciya. Daga ranar ba mu sake taka asibiti ba. In ya kusa ƙarewa sai in ɗauki kwalin in kai kemis a Tambuwal in ce, "A ba ni irin wanga." Shekara shida muna haka. Ni da nake malamin makaranta ko sunan maganin ban riƙe ba.

Rannan mai kemis ya juya kwalin ya ce babu. Na yi mako biyu ina zagaye gari, kowa babu. Wata safiya na tarar da mahaifiyata tana raba ƙwaya biyu da wuƙar yankan kuɓewa.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Jan shi nika yi, kada shi ƙare."

Na kama hannunta, na ji jijiyar tana bugawa tana tsallake. Tsoro ya kama ni sosai. Ƙwaya huɗu suka rage.

Na hau babur na rantse ba zan dawo hannu wofi ba. Jabo babu, Sanyinna babu, na miƙa har Kebbe. Can wani dattijo mai kemis ya duba kwalin ya ce, "Ɗana, masu yin wanga sun bari. Yaushe rabonta da likita?"

Na sunkuyar da kai na ce shekara shida.

"Shekara shida kana yawo da kwali, mai ciwon tana gida? Ita za ka ɗauka, ba shi ba."

Washegari na ce mu tafi asibiti, Inna ta ce ita mota juwa take sa ta. Na zauna bakin ɗakinta na ce ko makaranta ba zan je ba sai ta tashi. Da hantsi ta tashi tana mita. Likita ya auna ta, ya wanke ni tas, ya sauya mata wani maganin da ake samu.

Har yau in na tuna ina jin kunya. Na ɗauka ƙoƙari nake, ashe kwali nake jinya.

Yanzu duk wata uku muna Sakkwato. In lokaci ya yi takan miƙo mini sabon kwalin ta ce in je in sayo kawai. Sai in ajiye shi in miƙa mata mayafinta.